Tsohuwar bas idan ta yi hatsari, a auna ta kafin a yanke mata hukunci

Idan tsohuwar motar bas ta yi hatsari, wanda ke yanke mata hukunci galibi ba bakanike ba ne. Ma'aikacin kamfanin inshora ne. Zai zo ya zagaya ta, ya ɗauki hotuna, ya koma ofis ya ɗora lissafi biyu a sikeli: abin da gyara zai ci, da abin da motar za ta yi a kasuwa. Da zarar kuɗin gyara ya rinjaya, ko ma ya kusa, sai ya rubuta cewa ta tashi aiki. Ba a daɗewa janwe ya kai ta wurin 'yan gwangwan, wutar yanka ta shiga jikinta.

Wannan lissafi ya dace da motar da ake ƙera irinta har gobe, domin in ta tafi wata na nan. Bai dace da bas ɗin da aka rufe ma'aikatarta shekara hamsin da suka wuce ba. Routemaster, jar bas mai hawa biyu ta birnin Landan, guda 2,876 kacal aka ƙera daga 1954 zuwa 1968, kuma ta bar aikin yau da kullum ranar 9 ga Disamba, 2005. A Amurka da Kanada kamfanin General Motors (GM) ya ƙera bas ɗinsa mai suna New Look sama da 44,000 daga 1959 zuwa 1986, amma yau waɗanda ke tashi su yi tafiya 'yan kaɗan ne. Tsibirin Malta ya sauke tsofaffin motocinsa masu launin ruwan ɗorawa daga hanya gaba ɗaya a 2011. Duk wadda aka narka cikin waɗannan ta tafi ke nan, kuma tana tafiya da aksul da giyabos da gilashin da wasu motoci goma ke jira.

Ra'ayina shi ne a ɗauka tsohuwar bas mai gyaruwa ce har sai awo ya nuna akasin haka. Awon kuwa ina nufin na gaske, da igiya da tef da ma'aunin kaurin ƙarfe. Kuma in awon ya ce ba ta da sauran ɗaukar mutane, to kada son abin tarihi ya sa a rufe ido a loda mata fasinja.

Ɓarna mai yawa tana faruwa ne bayan hatsarin, a hannun masu ɗaga motar. Bas ɗin da ta kwanta a gefe, in aka ɗaura mata sarƙa ta cikin tagogi aka finciko, ginshiƙan da hatsari bai taɓa ba sai su lanƙwashe, rufin ya karkace. Abin da ya dace shi ne a sa mata jakunkunan iska a ƙarƙashi, a yi amfani da faffaɗan ɗamara maimakon sarƙa, a ɗaura a shasi ko aksul, sannan wani kuren ya riƙe ta daga ɗaya ɓangaren don kada ta faɗo kan tayoyinta da ƙarfi. Kafin a ja ta a cire farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul na baya, ko a zare sandunan aksul na baya. Giyabos da yawa, musamman masu canza giya da kansu, suna samun mai ne daga famfon da injin ke juyawa, saboda haka jan kilomita ashirin da injin a kashe ya isa ya ƙone abin da ya rayu shekara sittin. A cire batir, a tsiyaye dizal, a lulluɓe ta da tamfol, domin ruwan sama in ya samu ƙofa ta fasasshen rufi, daɓen katako da kujeru ba sa kai wata shida.

Kada kuma kowa ya murɗa makulli don a ji ko injin na da rai. Injin da ya kwanta a gefe, baƙin mai yakan gangara ya taru a kan fistin. Mai ba ya matsuwa kamar iska, don haka bugu ɗaya na sitata zai lanƙwasa sandar fistin. A cire nozul duka, a juya injin da hannu zagaye biyu ko uku har man ya fito, a duba bututun shigar iska. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci ga injin Detroit Diesel 6V71 da ke cikin yawancin New Look, domin irinsa in ya samu mai a hanyar iska yakan sha shi kamar dizal, ya yi ta gudu ba ya jin kashewa har ya tarwatse.

Daga nan sai a san irin ginin da ake magana a kai, don shi ke nuna inda za a nemi ciwo. Tsofaffin motoci irin RT ta Landan, wadda ta yi aiki har 1979, shasi ne mai kamar tsani, an ɗora masa bodi dabam. Irin wannan ita ce mafi sauƙin ceto: a kwance noti, a ɗaga bodin, a yi wa kowanne aikinsa. New Look da Leyland National ta Birtaniya ba su da wannan tsanin. Jikin motar ne kansa ke ɗauke da nauyi, fatar da haƙarƙarin da dubban kusoshin ribit duk suna aiki tare, don haka lotsewar da ake gani a gefe tana iya zama karaya a ƙashin baya. Routemaster tana tsakani: bodin alminiyon ne mai ɗaukar nauyi, da ƙananan firam biyu na ƙarfe, ɗaya a gaba riƙe da injin da sitiyari, ɗaya a baya riƙe da aksul. Wanda bai bambance waɗannan uku ba, ƙiyasinsa na kuɗin gyara zato ne kawai.

Awon shasi ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A tsayar da motar a daɓen siminti da ya daidaita, tayoyi da iska daidai. A manna takardu a ƙasa, a saki igiya mai nauyi a baki daga wurare iri ɗaya hagu da dama, kamar maratayin sifirin na gaba da na baya da bakin kowane ƙarfen gicciye, a yi alama inda bakin nauyin ya taɓa. A janye motar, a ja layin tsakiya, a auna daga alamar hagu ta gaba zuwa ta dama ta baya, a sake aunawa a gicciye. Littattafan gyaran manyan motoci sukan bar sararin milimita 3 zuwa 6 tsakanin awo biyun, kuma littafin motar da ake aiki a kanta shi ne alƙali. Sannan a auna tsayin kowane gefe daga ƙasa. Da wannan za a gane ko shasin ya kauce gefe, ko ya lotsa a tsakiya, ko gefe ɗaya ya ja baya ya bar ɗaya, ko kuwa ya murɗe. Uku na farko suna miƙuwa a kan teburin miƙe shasi da jek mai aiki da mai. Murɗewa ce mai taurin kai, don sau da yawa sai an warware ƙarafan gicciye an miƙe kowane dogon ƙarfe shi kaɗai.

A bodi kuma ƙofofi da tagogi ne ke fara ba da labari. Ƙofar da ke nesa da wurin bugu in ta daina rufuwa, ko fenti ya tsage a zagayen kawunan ribit a ɗaya gefen motar, to ƙarfin bugun ya ratsa ya kai can. Ribit ɗin da ya saki yakan bar baƙin zobe a kewayensa bayan 'yan kwanaki na motsi.

Sai dai a mafi yawan lokuta tsatsa ce ke yanke hukuncin, hatsarin tona ta kawai ya yi, kamar haƙorin da ya daɗe da ruɓewa a ciki sannan ya gamu da tsakuwa. Gindin ginshiƙai inda suka haɗu da daɓe, hannayen ƙarfe da suka fito daga shasi suna tallafe bodi, saman mazaunin taya, ƙarƙashin matakala a mota mai hawa biyu, ƙasan tagogi inda roba ta tsufa ruwa ke zurara: nan ake dubawa, kuma dole a cire fatar waje a gani da ido. Motocin Ikarus na ƙasar Hungary da Mercedes-Benz O305, masu ƙashin bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, daga ciki suke ruɓewa, waje na sheƙi. Inda alminiyon ya jingina da ƙarfe kuma danshi ya shiga tsakani, alminiyon ne ke cinyewa ya koma farin gari, shi ya sa ake shafa maganin rabawa ko a sa tef tsakaninsu lokacin haɗawa. A motoci masu ƙashin katako, tsinken sukurdireba in ya nutse a gindin ginshiƙi, magana ta ƙare a kan wannan ginshiƙin. A bi da guduma ƙarama ana sauraren ƙara, a bi da na'urar auna kauri. A ganina duk ƙarfe mai ɗaukar nauyi da ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, a yanke shi a sa sabo. Bas mai lafiyayyen ƙashi da ta sha mummunan bugu a gaba ta fi cancantar gyara nesa ba kusa ba a kan wadda aka ɗan goga amma gindin ginshiƙanta duk ya zama gari.

Wurin da gyara ke zama haɗari shi ne wurin wuta. Mai walda da ya saba da ƙananan motoci zai so ya gasa ƙarfe ya yi jawur ya buga ya miƙe. Shasin ƙarfe na gama-gari yana jure ɗumi kaɗan, iyakarsa ja mai duhu, wajen digiri 600 a ma'aunin Selshiyas, a bar shi ya huce da kansa ba tare da an watsa masa ruwa ba. Shasin da aka gasa tun a ma'aikata don ƙara masa ƙarfi kuwa ba a kai masa wuta sam, domin zai miƙe ya yi kyau a ido alhali ƙarfinsa ya tafi. Ba a huda leɓen sama ko na ƙasa na shasi, ba a kuma yi masa walda a gicciye, saboda nan ne nauyi ya fi ja, nan tsagewa ke farawa. In za a dasa sabon yanki, a yanka a karkace, a kauce wa maratayin sifirin, a goya masa faranti daga ciki wanda ya zarce mahaɗar sosai ta kowane ɓangare, bakinsa a fiƙe don kada nauyi ya taru a layi ɗaya.

Alminiyon ya fi wannan yaudara. Yana narkewa a wajen digiri 660 ba tare da ya canza launi ya yi gargaɗi ba, kuma irin wanda ake ginshiƙai da shi yana iya rasa kusan rabin ƙarfinsa a gefen walda. Dalilin da ya sa maƙeran suka haɗa shi da ribit da noti ke nan, kuma haka za a mayar da shi: a huda tsohon ribit a fitar, a sa sabo mai kauri da nau'i iri ɗaya. Ribit ɗin bindiga na kanti, mai rami a tsakiya, ba ya maye gurbin cikakken ribit a wurin da ke ɗaukar nauyi. Saboda wannan halin na alminiyon ne nake ganin motar da ta ci wuta ta fi wadda ta yi karo wahalar amincewa. Wadda ta yi karo ana ganin inda ta lanƙwashe. Wadda ta ƙone tana iya tsayawa cak a miƙe, ƙashinta ya yi laushi.

Kayan sitiyari ba a yi musu rangwame. Tayrod, hannun da ke fitowa daga akwatin sitiyari, sandar da ke haɗa shi da ƙafa, kinfin (sandar da ƙafar gaba ke karkata a kanta in an murɗa sitiyari), da guntun aksul da taya ke juyawa a kai: duk wanda ya lanƙwashe a jefar, ba a miƙe shi. Waɗanda suka fito a miƙe ma a wanke su tas a yi musu gwajin tsagewa, ko da jan ruwan da ke shiga tsaga ya fito a kan farin hoda, ko da maganaɗisu da garin ƙarfe. A buɗe akwatin sitiyari a duba haƙoransa da sandar da ke fita, domin bugun da taya ta sha can yake ƙarewa, kuma sanda mai ɗan murɗewa takan yi wata da watanni kafin ta karye rana ɗaya a kan kwana. A canza ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksul, a duba kusar tsakiyar sifirin, don in ta yanke aksul zai zame motar ta riƙa tafiya a karkace. Bututun birki da tankin iska a gwada su da matsi. Routemaster birkinta na mai ne mai matsi sosai, da tukwanen ajiyar matsi, don haka sai an sauke matsin kafin a kwance ko da noti ɗaya.

Fatar waje ita ce ta fi tsorata mai kallo, ita ce kuma mafi arha. Yawancinta shimfiɗaɗɗen falle ne da kowane ƙwararren mai gyaran bodi zai yanka ya ɗora. Masu wuya su ne kumburin rufi na gaba da na baya, da gilashi mai lanƙwasa. Shimfiɗaɗɗen gilashi mai leda a tsakiya ana yanka shi daidai da kwali, amma wanda aka gasa ba ya yankuwa, mai lanƙwasa kuma sai an yi masa mazubi. Kuɗin mazubin ne ke da nauyi, shi ya sa ƙungiyoyin masu irin motar kan haɗa oda a zuba da yawa lokaci guda.

Masu cewa a narka suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce tsaro: waɗannan motoci an ƙera su kafin dokokin zamani na ƙarfin rufi idan mota ta kife, ba su da bel, ba su da birkin da ke hana taya kullewa. Gaskiya ne, kuma gyara ba zai mayar da su motocin bana ba. Abin da gyara zai iya shi ne ya mayar da su yadda maƙerinsu ya sake su, sannan a taƙaita aikinsu: gajeriyar hanya, gudu kaɗan, direban da ya san halinsu, da binciken jami'an duba motoci kafin fasinja ko ɗaya ya hau. A Birtaniya mai hawa biyu sai ta jure karkatar digiri 28 da nauyi a benenta ba ta faɗi ba kafin a yarda da ƙirarta. Mai gyaran da ya canza alminiyon da ƙarfe a sama, ko ya shimfiɗa katako mai kauri a daɓen bene, ya taɓa wannan lissafi ko bai sani ba. A auna nauyin kowane aksul bayan gyara a gwada da na asali.

Hujja ta biyu ita ce wai motar da aka canza wa rabin jiki ba ita ba ce kuma. Tarihin motocin kansu ya amsa wannan. A ma'aikatar Aldenham, wadda ta yi wa motocin Landan garambawul daga 1956 zuwa 1986, duk bayan 'yan shekaru ana raba bodi da ƙafafunsa, wato shasi ko firam ɗin da ke ɗauke da injin da tayoyi, kowanne ya bi layinsa, kuma sau da yawa bodin kan fito a kan wasu ƙafafun dabam ɗauke da wata lamba. An ƙera sassan ne don su shiga juna. Sauya ginshiƙi ko firam ɗin gaba ci gaba ne da abin da aka saba yi musu tun suna sababbi. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta abin da aka canza, a ɗauki hoto, a ajiye tare da takardun motar, don kada a sayar wa wani da sunan ba a taɓa ta ba.

Ta uku ita ce kuɗi, kuma ita ce mai ƙarfi. Gyaran gaske yana cin dubban awoyin aiki, kuma da wuya a mayar da kuɗin in an sayar. Amma darajar irin wannan mota ba a kilo take ba. Bas mai lamba 2857, wadda a cikinta Rosa Parks, baƙar fata, ta ƙi tashi daga kujerarta ta bar wa farar fata a birnin Montgomery na Amurka ranar 1 ga Disamba, 1955, ta yi kusan shekara 30 a fili tana tsatsa, babu injin babu kujeru. Gidan tarihi na Henry Ford ya saye ta a 2001 a kan sama da dala 400,000, ya kashe sama da 300,000 wajen gyara. Ba kowace bas ce ke da irin wannan labari ba, na yarda. Sai dai lokacin da aka jefar da ita a filin nan, a idon mai lissafi ita ma gwangwan ce.

Akwai motar da ni ma zan ce a haƙura da ita: wadda wuta ta ci ƙashinta, ko wadda ta murɗe kuma tsatsa ta riga ta cinye wurin da za a kama a miƙe, alhali irinta na da yawa. Ko a nan zaɓi bai tsaya ga gyara ko narkawa ba. Wata za ta iya tsayawa a gidan tarihi ba tare da ta sake hawa titi ba, kuma wannan gyaran bai kai rabin wancan ba. Wadda ba ta kai haka ba a warware ta a tsanake. A fara tsiyaye dizal, baƙin mai, man giya da ruwan lagireto, kowanne a mazubinsa. A yi hattara da asbestos, wani abu mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu, wanda ke cikin tsofaffin takalman birki, faifan kuloci, da naɗin bututun hita da salansa: a jiƙa shi, a sa abin rufe hanci na gaske, kada a hura shi da iska. Tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma, don haka ba a goge shi a bushe ko a ƙona shi. Sannan a ciro abin da ba a ƙerawa yanzu: gilashi da firam ɗinsa, kumburin rufi, fitilu, agogunan gaban direba, akwatin allon hanya, ƙarafan kujeru, injin, giyabos, aksul na baya. A rubuta wa kowanne lambar motar da ya fito. Kayan sitiyarin da suka sha bugu kuwa a yanka su biyu kafin su bar wurin, don kada su koma jikin wata motar ta bayan gida.

Abin da nake so hukumomin sufuri da kamfanonin inshora su yi ba mai yawa ba ne. Tun Oktoban 2017 Birtaniya ke kasa motocin da suka lalace gida huɗu: A a murƙushe duka, B a ciri kaya a murƙushe jikin, S ƙashi ya taɓu amma yana gyaruwa, N ƙashi bai taɓu ba. Harafin da aka rubuta a rana ɗaya yana iya rufe ƙofar gyara har abada, don haka bai kamata a liƙa wa motar tarihi A ko B ba sai wanda ya san ƙirarta ya duba ta, fatar a cire, awo a rubuce. A ba da wa'adin wata uku kafin a yanka, a sanar da gidajen tarihi da ƙungiyoyin masu adana motoci. Mai motar shi ma yana da nasa aikin tun kafin tsautsayi: ya yi inshorar da aka amince da darajar motar a rubuce, ya tabbata akwai sharaɗin da ya ba shi damar riƙe gawarta in an biya shi, ya kuma ajiye awon shasinta da hotunan ƙarƙashinta tun tana lafiya, domin ranar da za a saki igiya a auna, da waɗannan lambobin za a gwada.